Filin Tambaya da Amsa: Kuɗin Ƙungiya, Yajin Aiki da Haƙƙin Mutanen Gari

Da yawa daga wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun taɓo maganar ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati, kuma akasarinsu daga karkara suka fito, ba daga birnin Kano ko Dutse ba. Na zaɓi uku da nake ganin amsarsu za ta wadatar da saura. Kamar yadda aka saba, an sakaya sunayen masu wasiƙa da na garuruwansu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Gumel, shekarata 14 ina riƙe da alli. Tun watan da na fara karɓar albashi ake cire mini kuɗin ƙungiya, amma ko sau ɗaya ba a taɓa tara mu an karanta mana abin da ya shigo da abin da ya fita ba. Sau biyu ana ba ni takardar ƙarin girma, har yau albashina yana kan tsohon mataki. A damunar bara wani abokin aikinmu ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya tara. Mu malaman makarantar muka yi karo-karo muka kai musu buhun gero, shugabannin reshenmu kuwa sun zo ta'aziyya sun yi addu'a sun tafi, ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Shin doka ta ba ni damar in fita daga ƙungiya a daina taɓa mini albashi? Idan ta ba ni, kana ganin in fita?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya jiƙan abokin aikinku, ya raya abin da ya bari, ku kuma ya saka muku da alheri a kan zumuncin da kuka yi.

Doka ta ba ka dama. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga ƙungiya domin kare muradunsa, sannan gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005 ya fayyace cewa zama ɗan ƙungiya ganin dama ne, ba a tilasta wa ma'aikaci ya shiga, ba a kuma muzguna masa don ya ƙi shiga ko don ya fita. Wanda ya yanke shawarar fita yakan sanar a rubuce, ya ajiye kwafin takardarsa. Wannan ita ce amsar tambayarka ta farko. Amma tunda ka nemi ra'ayina a ta biyu, ba na ba ka shawarar fita, kuma zan faɗa maka dalilina ba tare da na wanke shugabannin reshenku ba, domin ƙorafinka yana kan gaskiya.

Dubi albashin da kake ƙorafi a kansa ka tambayi kanka yadda aka yi ya kai inda yake. Naira 125 da aka tsayar a matsayin mafi ƙarancin albashi a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, sai da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, ta tafi yajin aiki a ƙarƙashin Hassan Sunmonu kafin a same ta. Haka aka yi ta ja-in-ja kafin a kai naira 18,000 a 2011, da naira 30,000 a 2019. A 2024 ma sai da NLC da takwararta TUC, ƙungiyar manyan ma'aikata, suka tsayar da aiki a farkon watan Yuni, har aka kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa, sannan aka daidaita a kan naira 70,000 a watan Yuli. Bayan an sa hannu a Abuja kuma akwai wani zaman a kowace jiha, inda ake tsara yadda ƙarin zai hau kan kowane mataki, daga masinja har darakta. A Kano gwamnati ta amince da naira 71,000, a Jigawa naira 70,000. A wancan teburin babu kujerar da aka ajiye wa malami ɗaya daga ƙauye. Kujerar da ke akwai ta ƙungiya ce. Kuma duk wanda ya daɗe a aikin nan ya san cewa a jihohi da dama malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi su ne na ƙarshe da ƙari ke iske su, wani lokaci sai bayan ma'aikatan jiha sun daɗe suna karɓa. Idan irinku masu kishi da ido a buɗe suka fice, waɗanda za su rage su ne masu shiru, shirun nan kuwa shi ne abin da shugaban da bai son a bincike shi yake so.

Matakin farko shi ne ka san abin da ake cire maka. Saƙon banki da ke shigowa wayarka jimla kawai yake nunawa, don haka ka nemi takardar albashinka daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ka bi ta layi-layi. Sau da yawa ma'aikaci yakan haɗa komai ya kira shi kuɗin ƙungiya, alhali a ciki akwai haraji, akwai gudummawar fansho, akwai ta asusun taimakekeniyar lafiya, wani lokaci har da bashin babur ko na shinkafar azumi da aka karɓa ta hannun ƙungiya aka manta. Idan ka ware kuɗin ƙungiya zalla, sai ka nemi kundin tsarin mulkin ƙungiyarku, domin a cikinsa aka rubuta kason da ke tafiya uwar ƙungiya ta ƙasa, da na jiha, da wanda ya kamata ya dawo reshenku. Abin takaici ne a ce mutum ya shekara 14 yana biya bai taɓa riƙe wannan ɗan littafi ba, kuma na san ba kai kaɗai ba ne.

Bayan haka sai maganar lissafi. Doka ta wajabta wa kowace ƙungiyar ƙwadago mai rajista ta riƙa miƙa lissafin kuɗinta ga magatakardan ƙungiyoyin ƙwadago duk shekara, saboda haka neman a karanta lissafi a gaban 'yan reshe ba rashin kunya ba ne, ba kuma tawaye ba ne. Sai dai kada ka je kai kaɗai, kada kuma ka tsaya a guna-guni a gindin darbejiya lokacin tara. Ku rubuta takarda gajera mai ladabi, malamai daga makarantu uku ko huɗu su sa hannu, ku nemi a kira taron dukkan 'yan reshe, ku ba sakataren reshe ya sa hannu a kwafinku, ku aika wani kwafin ofishin jiha.

Na ga amfanin wannan da idona lokacin da nake koyarwa. An tara mu wata Asabar a ajin 'yan shida, manya da mu muna zaune a kan bencin yara, ma'aji ya miƙe ya karanto jimla biyu da sauri yana shirin zama. Sai wani dattijo malamin Arabiyya, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya tashi ya ɗauko guntun alli daga aljihunsa ya miƙa masa, ya ce: "Ɗana, mu malamai ne, abin da ba a rubuta a allo ba ba ma ɗaukarsa darasi." Ma'aji ya rubuta. Da lissafin ya fito a allo ba a ga sata ba, amma kowa ya ga cewa zirga-zirgar shugabanni da karɓar baƙi sun cinye kusan komai, babu ko sisi da aka ware domin rasuwa ko rashin lafiya. A ranar aka kafa asusun jin ƙai, aka ɗora masa mutum uku da ba sa cikin shugabanni, aka ce duk wata uku su liƙa lissafi a ƙofar ofis. Ba a zagi kowa ba, ba a tsige kowa ba, amma daga ranar reshen ya sake kama.

Game da ƙarin girmanka, ƙorafin mutum ɗaya yakan kwanta a cikin fayil, amma jerin sunaye yana da nauyi. Ku tattara duk waɗanda abin ya shafa a ƙaramar hukumarku, kowa da lambar fayil ɗinsa, da ranar da ke kan takardar ƙarin girmansa, da matakin da ake biyansa a yanzu, ku damƙa wa reshe a gaban taro, ku tsayar da ranar da za su dawo muku da bayani. Iyalan mamacin kuma abin da suka fi buƙata daga ƙungiya ya wuce buhun gero. Akwai haƙƙinsa na rasuwa a bakin aiki, kuma yawancin matan karkara ba su san ƙofar da ake bi ba. Ku taimaka musu su haɗa takardar ɗaukarsa aiki, da ta ƙarin girmansa na ƙarshe, da shaidar rasuwa, da takardar kotu ta magada, sannan ku matsa wa reshe ya wakilta mutum ɗaya da zai riƙa bin fayil ɗin har Dutse, domin kada marayu su cinye ɗan abin da ke hannunsu a kuɗin mota. Idan lokacin zaɓen reshe ya zo kuma, ka tsaya takara ko ka tsayar da wanda ka yarda da shi. Malam Aminu Kano yana malamin makaranta ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman Arewa a 1948, a lokacin da ɗaga murya a gaban En'e ya fi na yau haɗari nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a kudancin Kano, kuma ni kaɗai ce mace mai horon karɓar haihuwa a wurin. Kwanakin baya ƙungiyarmu ta kira yajin aikin gargaɗi, muka rufe. A dare na biyu aka buga mini ƙofa, an kawo wata yarinya a amalanke tana naƙuda tana zubar da jini, babban asibiti kuwa yana da nisa, hanyar ma ruwa ya cinye ta. Na ɗauki makulli na buɗe, na yi abin da zan iya da fitilar waya, Allah ya sa ita da jaririn suka rayu. Da labari ya kai ga abokan aikina, wasu suka ce na ci amanar ƙungiya. Mutanen gari kuma suna cewa ma'aikatan asibiti ba su da imani tunda suka rufe. Na rasa inda zan sa kaina. Na yi laifi?

AMSA: 'Yar'uwa, ba ki yi laifi ba. Allah ya saka miki, ya raya abin da aka haifa. Ban san wata ƙa'idar aikin lafiya ko ta addini da za ta ce ki koma ki kwanta alhali rai biyu suna bakin ƙofarki ba, kuma ina da yaƙinin cewa waɗanda suka zarge ki, da ƙofarsu aka buga, da sun buɗe.

Duk da haka ina so ki fahimci abin da ke cin zuciyar abokan aikinki. Yajin aiki ba shi da wani ƙarfi sai haɗin kai, kuma wanda ya shiga yana ɗaukar kasada ta gaske, domin sashe na 43 na dokar sasanta rikicin ƙwadago ya ba mai aiki damar hana albashin kwanakin da ba a yi aiki ba. Mutumin da ya yarda ya yi asarar albashinsa saboda kowa, idan ya ji an buɗe wani asibiti, dole ransa ya sosu. Kuskuren ba naki ba ne, ba kuma nasu ba ne; na reshen da ya aika da sanarwar rufewa ne ba tare da ya faɗa wa ma'aikaciya irinki abin da za ta yi idan aka kawo mai naƙuda da tsakar dare ba. Aikin lafiya yana cikin ayyukan da doka ta kira na wajibi, waɗanda ake buƙatar a ba da sanarwar aƙalla kwana 15 kafin a janye aiki. Waɗannan kwanaki ba na aika takarda ga gwamnati kaɗai ba ne. A cikinsu ya kamata reshe ya zauna ya tsayar a rubuce cewa allurar riga-kafi da awo da ganin marasa lafiya na yau da kullum za su tsaya, amma haihuwa mai matsala da saran maciji da haɗarin mota akwai wanda aka ba izinin tsayawa a kansu da sunan ƙungiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kai wannan shawara taron reshenku na gaba, ki ba su labarin daren nan kamar yadda kika ba ni, har da amalanken da fitilar wayar.

Maganar mutanen gari ita ce ta fi damuna, domin a nan ne ƙungiyoyinmu na karkara suka fi rauni. A birni idan an rufe asibitin gwamnati mai hali yakan tafi na kuɗi. A ƙauye babu na kuɗi, saboda haka zafin yajin aiki ba ya isa ga wanda aka yi dominsa, a kan talaka yake sauka, shi kuma talakan ba wanda ya taɓa zama da shi ya faɗa masa dalili. Abin da ya gani kawai kwaɗo ne a ƙofa. Da a ce mako guda kafin a rufe wakilan reshe sun je wurin dagaci, sun gaida liman, sun zauna da kwamitin ci gaban mazaɓa da unguwarzoma na gargajiya, sun ce ga abin da muke bi, ga tsawon lokacin da muka yi muna rubuta takarda ba amsa, ga kuma tanadin da muka yi wa masu larurar gaggawa, da maganar da ake yi a majalisar gari ta bambanta.

Sai dai zuwa gaisuwa kaɗai ba ya isa idan takardar buƙatunku babu komai a ciki sai alawus da ariyas. Haƙƙinku ne ku nema, ban ce ku sassauta ba. Amma ke da kika karɓi haihuwa da fitilar waya kin fi kowa sanin cewa rashin wuta a ɗakin haihuwa, da rashin ma'aikaciya ta biyu da za ta karɓe ki, da rijiyar burtsatse da ta lalace, matsalarki ce kuma matsalar matan garin ce. Ku sa su a takarda ɗaya da alawus ɗinku. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta tanadi asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake ware wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, kuma an tsara shi ne domin kuɗi su riƙa isa kai tsaye ga asibitin da aka zaɓa a kowace mazaɓa. Idan ma'aikata da kwamitin mazaɓa suka haɗu suna tambayar ko asibitinsu yana cikin tsarin, da abin da ya shigo, da abin da aka saya, gari zai fara ganin ƙungiya a matsayin tasa. Babban yajin aikin 1945, wanda Michael Imoudu ya yi fice a cikinsa, ya ɗauki sama da kwana 40, kuma daga abin da ya riƙe shi akwai goyon bayan matan kasuwar Legas, waɗanda ba sa karɓar albashin kowa.

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam. Ni manomi ne a ƙasar Haɗejia, ban taɓa aikin gwamnati ba, jikana ne ya rubuta mini wannan. Duk lokacin da muka ji a rediyo an ƙara wa ma'aikata albashi, kafin sati ya zagayo kayan masarufi sun tashi, mu kuwa ba wanda ya ƙara mana. Idan malamai suka yi yajin aiki jikokinmu ne ke zaman gida. Shin mu talakawan ƙauye muna da wani rabo a cikin wannan ƙungiya tasu?

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya albarkaci jikan da ya riƙe maka alƙalami. Abin da ka lura da shi a kasuwa gaskiya ne, akwai 'yan kasuwar da ke ƙara farashi da jin sanarwa tun kafin kuɗin ya shiga hannun kowa. Sai dai tsadar da ta addabe mu a 'yan shekarun nan ta riga ƙarin albashi zuwa. Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, aka kuma saki darajar naira, kuɗin mota da na taki da na man injin ban ruwa suka yi sama, ƙarin albashi bai zo ba sai bayan fiye da shekara guda. Malamin garinku da kai kasuwa ɗaya kuke ci, kuma albashinsa a wurin mai gero da mai nama da mai faci na garinku yake ƙarewa.

Rabonku a ƙungiya kuwa sai kun nema za ku gan shi, kuma kuna da bakin nema. Kowace makarantar firamare ya kamata a ce tana da kwamitin kula da ita wanda iyaye da masu unguwa suke ciki. Ka je zamansa, ka roƙi a gayyato wakilin ƙungiyar malamai na yankinku, ka tambaye shi a gaban jama'a: malamai nawa aka turo makarantar nan, nawa ne suke zuwa kullum, ajujuwa nawa ne ba rufi, kuma wane mataki ƙungiya ta ɗauka a kai? Ƙungiyar da ke neman goyon bayanku ranar yajin aiki wajibi ne ta yarda ta ja kunnen ɗanta da ba ya zuwa aji, ta kuma kai kukan rufin makarantarku inda muryarku ba ta kai.

Ku mutanen ƙasar Haɗejia kun san abin da ambaliyar 2022 ta yi wa gonaki da gidaje, kun kuma san yadda makarantu suka zama mafakar waɗanda ruwa ya kora. A irin wannan lokaci malamai da ma'aikatan lafiya da malaman gona su ne masu biro da takarda a kowane lungu, su ne za su iya rubuta sunan kowane magidanci da abin da ya rasa, ta yadda idan tallafi ya zo ba za a karkatar da shi ba. Kafin damuna ta kankama, ku nemi dagacinku ya kira shugabannin rassan ƙungiyoyin nan na ƙaramar hukumarku tare da ƙungiyar manomanku, a tsayar da wanda zai riƙe rajistar kowace unguwa, da makarantar da za a buɗe idan ruwa ya taso, da wanda makullinta zai kasance a hannunsa.